Daga Tulun Bugazau Zuwa Kwalba: Tarihin Giya a Ƙasar Hausa

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, ɗaya daga cikin matasan marubutanmu ya karanta mana babi guda na littafin da yake rubutawa. Labarin a Kano ya faru, cikin shekarar 1938. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya sauka Sabon Gari da yamma, ya shiga wata mashaya, ya ce da mai gidan shi kam ya gaji da wadda ya saba sha, a zaɓa masa wata mai kyau da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Mai gida ya buɗe firji, ya ɗauko masa kwalbar Star mai raɓa. Babin ya tsaru, an kuma yi masa tafi. Sai da tafin ya lafa wani dattijo daga cikinmu ya gyara murya ya ce, "Yaro, a 1938 ko cikin Star ba a yi ba, balle a haife ta. Firjin nan naka ma abin tambaya ne."

Daga nan muhawara ta kaure. Abin mamaki, kan shekarar ba a ja ba. Abin da aka ja a kai shi ne ko ya dace marubuci Musulmi ya san irin waɗannan abubuwa tun farko. Wasu suka ce rashin sanin ma shaida ce ta tarbiyya. Mu dai ba mu tafi a kan haka ba. Hukuncin giya a addininmu a fili yake, babu mai ja, kuma ba talla muka zo yi mata a wannan mujalla ba. Amma wanda zai rubuta labarin ɓarawo ba sai ya yi sata ba, sai dai dole ya san ta inda ake haura katanga. Littattafanmu cike suke da mashaya, kusan duk mugun miji da ɗan iskan saurayi sai an riƙa masa kwalba, amma da wuya ka sami marubucin da ya san me ke cikin kwalbar, daga ina ta zo, kuma tun yaushe. Don haka muka ga ya kamata mu ɗauki tambayar nan ta ma'aikacin jirgi, mu bi ta zamani bayan zamani, mu ga amsar da baƙo zai samu in ya yi ta.

Mu fara da gindin Dala. Littafin tarihin Kano, wanda aka tattara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa manyan mutanen zamanin Barbushe da sana'ar kowa. A cikinsu akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare, akwai makaɗi, akwai kuma Bugazau, wanda aikinsa shi ne dafa giya. Abin lura a nan shi ne matsayin da aka ba shi. Ba a ajiye shi bayan gari tare da ɓata-gari ba, an jera shi ne kafaɗa da kafaɗa da maƙeri da mai magani, wato mutanen da gari ba ya zaunuwa sai da su. Kuma wanda ya rubuta wannan malami ne Musulmi, wanda ba shi da wata riba a ɗaga darajar giya. Abin da ya tarar ya rubuta.

Da baƙo zai tambayi Bugazau wace ce mai kyau, da tambayar ma ta ba shi dariya, domin a wancan zamani giya ba ta da suna sai sunan wanda ya dafa ta. Dawa ce ko gero, da ruwa, da wuta, da haƙuri. Yadda ake yin ta bai canza sosai ba har yau a wuraren da ake yi, saboda haka yana da kyau marubuci ya san shi. Za a jiƙa dawa, galibi ja, ta kwana ɗaya ko biyu a ruwa, a tsame ta a shimfiɗa a inuwa, a lulluɓe da ganye ana yayyafa mata ruwa har kwana uku ko huɗu, sai ta yi tsiro. Wannan tsiron shi ne sirrin abin gaba ɗaya, domin shi ke mai da garin dawa ya zama zaƙi. Sai a shanya a rana, a niƙa, a dama da ruwa, a ɗora a manyan tukwane. Bayan dahuwar farko a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a bar shi ya huce, sannan a zuba masa ragowar tsohuwar giya, wadda ita ce yistinsu. Kwana ɗaya zuwa biyu sai tulu ya fara kumfa yana tsuwa. Daga jiƙo zuwa sha kusan mako guda ke nan. In an bar ta da kaurinta da ɗiga-ɗigan gari, ita ce burkutu. In an tace ta ta yi tsararo, ita ce fito. Kuma ba ta jira. Ta yau ta fi ta jiya zaƙi, ta jiya ta fi ta yau ƙarfi, ta shekaranjiya kuwa ta zama ruwan tsami, sai zubarwa.

Wannan rashin jira shi ya tsara yadda ake shan ta. Abin da ba ya ajiyuwa ba a shan sa a ɓoye a ɗaka, dole a kira jama'a. Shi ya sa a wajen Maguzawa giya take tafiya da gayya: mai gona ya sa matansa su dafa, maƙwabta su zo su yi masa noma, a tashi a zauna ƙarƙashin itace ƙwarya tana zagayawa, babba kafin yaro. Haka a biki, haka a makoki, haka in za a yi wa iskoki yanka, sai an zuba musu nasu a ƙasa. Ko a bori, masu abin sun san akwai iskokin da suke malamai, ba a kusantar su da ita, akwai kuma arna waɗanda in sun hau ita suke nema. Wani Ba'amurke mai suna Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, wato daidai lokacin da marubucinmu ya ajiye labarinsa, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1946. Wani kuma, Netting, ya yi irin wannan zama da Kofyar na ƙasar Filato, ya buga bincikensa a 1964, inda ya nuna cewa a wajensu da giya ake biyan ladan noma, da ita ake biyan tara, da ita ake girmama baƙo. Mata ne masu dafawa kusan ko'ina, kuma kuɗin sayarwar nasu ne. Marubuciyar da ke neman jaruma mai cin gashin kanta a ƙauyen da can, ga ta nan a gaban murhu, ba wanda ya taɓa ta tukuna.

Ba mu kaɗai ba ne. Duk inda dawa ke fitowa akwai 'yar'uwar burkutu: pito a arewacin Gana, dolo a Mali da Burkina Faso, bilbil a arewacin Kamaru da Chadi, marisa a Sudan. Mai karatu zai tsaya a kan ta ƙarshen nan, domin yau in mun ce wane ya sha ya yi marisa, sunan giyar dawar Sudan muke kira ba mu sani ba, ƙasar da kakanninmu suka riƙa ratsawa a ƙasa, wasu shekara da shekaru, a kan hanyarsu ta zuwa Makka.

Musulunci ya shigo fadar Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, ya ƙara kafuwa zamanin Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, amma tulun bai fashe a rana ɗaya ba. Shekaru ɗari uku bayan Rumfa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙ, yana lissafa wa sarakunan Haɓe laifin ci da sha da sa abin da suka ga dama, ba ruwansu da halal ko haram. Da ba a sha, da bai faɗa ba. Jihadin da aka fara a 1804 shi ne ya kori giya daga fada da tsakiyar birni, ya mai da ita abin kunya ga duk mai kiran kansa Musulmi. Sai dai bai kashe ta ba, kuma bai ce zai kashe ta ko'ina ba. An karɓi Maguzawa a matsayin masu biyan jiziya, aka bar su da gonakinsu da tukwanensu. Tun daga nan giya ta zama alamar iyaka: wanda ya musulunta, abin da ake fara gani shi ne ya bar ƙwarya, ya daina zuwa gayyar da ake biya da ita.

Can gefen daular kuwa abin bai ko ɓuya ba. Bature Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya yi zango a Kulfu ta ƙasar Nufe a 1826, a gidan wata attajira wadda mijinta ya mutu. Tana sayar da gishiri da kanwa da sauran kaya, amma babbar ribarta daga buza take da bammi. Ya bayyana buzar da cewa dawa ce da zuma da barkono da saiwar wata ciyawa, a zuba a manyan randuna kusa da wuta kwana huɗu ko biyar. Fatake ne masu cinikin, kuma ba duka ne arna ba. Ita kanta kalmar buza sananniya ce a Masar, inda aka daɗe ana yin wata giya mai kauri da wannan suna. To, a nan ne karon farko da tambayar ma'aikacin jirgi za ta yi ma'ana, don akwai zaɓi: buza mai zuma da yaji, ko bammi da aka tatso daga itace da safe, ko burkutun da ya saba. Wanda ke rubuta labarin fatake da zango, wannan ita ce mashayarsa, ba mai kujerun roba da fanka ba.

Sai Turawa. A nan tarihi ya yi wata irin juyawa da ba kowa ya lura da ita ba. A kudu, barasa ce kan gaba a kayan da jiragen ruwa ke saukewa, jin da ram daga Holan da Jamus, har akwai wuraren da kwalbar jin ta zama kuɗi, ana biyan sadaki da ita. A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Birasels, suka yarda cewa a tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu, duk yankin da barasa ba ta riga ta yaɗu ba, saboda addini ko wani dalili, za a hana shigar da ita. Da Lugga ya kafa mulkinsa a Arewa a 1900, ya riƙe wannan hani da hannu biyu, domin yana neman sarakuna su yarda da shi, musamman bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 da alkawarin da ya yi na ba zai taɓa addini ba. Aka hana sayar wa ɗan ƙasa abin shan Turai. Shi Bature kuwa an bar masa ƙofa, yana shigo da nasa da takardar izini, yana sha a kulob ɗinsa. Dokar 1917 ta zo ta raba ƙasar kashi-kashi: inda aka hana sam, inda ake sayarwa da lasin, da inda aka taƙaita.

Ga abin da ke sa mutum murmushi. Gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta da kuɗi, kullum sai an tallafa mata. Gwamnatin Kudu kuwa tana da rara, kuma kusan rabin kuɗin shigarta, wasu shekarun ma fiye, daga harajin barasa yake fitowa. Ɗaya daga cikin manyan dalilan haɗe Kudu da Arewa a 1914 shi ne a cike giɓin wannan da rarar waccan. Wato yankin da aka tsare daga kwalba, da kuɗin kwalba aka taimaka wajen gudanar da shi. A riƙe wannan, don za mu sake gamuwa da shi.

Hani a takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya zo da akawu da direbobi da masu gyara daga kudu da Saliyo da Gwalkos, mutanen da ba a hana su sha a garuruwansu ba. Aka yanka musu Sabon Gari bayan ganuwa wajen 1913, kuma sannu a hankali nan ne lasin ya sauka. A ma'adinan kuza na Jos, dubban leburori, cikinsu har da Hausawa 'yan cin rani, suna karɓar albashi ranar Asabar, masu burkutu na jiran su a bakin sansani. A barikin soja ma haka. Daga farkon shekarun 1930 kuma aka koyi tatsar ogogoro a kudu, ta fara hawowa a ɓoye cikin garwa da kwalaben magani. A wannan zamani ne ma'anar giya ta sake juyewa a idon Bahaushe. Da can abin ƙauye ce, abin arna, abin mutanen da ba su waye ba. Yanzu ta koma abin bariki, abin wanda ya ga duniya, ya sa wando da kwat, ya san Bature. Kalmar ɗan bariki a nan ta samo warinta. Mashayin farko yana sha ne don haka ya tarar da ubansa. Na biyu yana sha ne don ya bambanta da ubansa. Mutum biyu ne daban, amma a littattafanmu hula ɗaya muke sa musu, magana ɗaya, tangaɗi ɗaya.

To me mai mashayar 1938 zai ba ma'aikacin jirgi? Da farko zai dube shi ya ga ko ɗan ina ne, domin lasin ɗinsa na iya tafiya a kan wannan. In ya yarda da shi kuma aljihunsa da nauyi, sai ya ɗauko masa giyar kwalba wadda ta keto teku daga Jamus ko Holan ko Ingila, ta hau jirgin ƙasa daga Ikko, mai tsada, mai yiwuwa kuma sanyinta bai wuce na randa ba. In aljihun ba nauyi, sai a nuna masa bayan gida inda mai burkutu take.

Ita wannan ta kwalba tana da nata tarihin, a taƙaice. Da sha'ir ake yin ta, ba dawa ba, a sa mata wani fure mai ɗaci da ake kira hof wanda ke hana ta saurin lalacewa. A Bavariya ta ƙasar Jamus an yi doka a 1516 cewa kada a sa mata komai ban da sha'ir da hof da ruwa. Irin garai-garai ɗin nan mai ruwan zinariya da ake kira laga, wadda ta mamaye duniya, a garin Pilsen aka fara dafa ta a 1842. Binciken Pasteur na Faransa ya koya wa masu dafawa yadda za su kashe ƙwayoyin da ke tsamar da ita, a 1883 kuma aka ware tsantsar yisti a masana'antar Carlsberg ta Denmak. Waɗannan su suka ba kwalba abin da tulu bai taɓa samu ba: ta yi wata da watanni ba ta canza ba, ta yi tafiya, ta ɗauki suna da tambari. Daga ranar da giya ta sami suna ne aka fara tambayar wace ce ta fi.

A 1946 kamfanin UAC da Heineken da wasu kamfanonin ciniki suka kafa Nigerian Brewery a Ikko, kwalbar Star ta farko ta fito a watan Yuni na 1949. Aka buɗe reshe a Aba a 1957, sannan a Kaduna a 1963, wato a hedikwatar Jihar Arewa kanta, zamanin Sardauna. Guinness, wadda ta samo asali a Dublin tun 1759, ta gina masana'antarta a Ikeja a 1962, ta farko da ta yi a wajen Ailan da Birtaniya, tana dafa baƙar giyarta da ƙarfin da ya fi na can gida. Gulder ta biyo baya a 1970. Duk wannan yana faruwa ne alhali dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta tanadi hukunci na musamman ga Musulmin da ya sha, ɗauri ko tara, har da bulalar haddi. Masana'anta na aiki a Kakuri, alƙali na aiki a cikin gari, kowa na karɓar albashinsa. Adabinmu na lokacin ya kama ɓangarorin biyu sarai: Mu'azu Haɗeja ya yi waƙar Giya a shekarun 1950 yana ragargazar ta, Mamman Shata kuma ya yi A Sha Ruwa, wadda har ya rasu a 1999 ba a daina jayayya a kanta ba. Mutanen da suka haddace ta farkon a makaranta, da yawansu su ne suka taka rawar ta biyun da dare.

Kuɗin mai na shekarun 1970 da ƙarin albashin Udoji suka sa masana'antun giya suka haura ashirin a ƙasar nan, jihohi na rige-rigen kafa nasu. Jos ma ta yi tata mai suna Rock. A cikin wannan hayaniya ne aka fito da Maltina a 1976, Malta Guinness kuma a 1990, ruwan tsiro mai zaƙi wanda ba a bari ya zama giya ba. Wannan kam ta shiga har ƙuryar ɗakin amarya, ta zama abin tarbar suruki. Kaɗan ne cikinmu suka tsaya suka lura cewa tukunya ɗaya ta haife su, a mataki na ƙarshe kawai suka rabu, kamar dai yadda kunun zaƙi da burkutu suke 'yan ɗaki ɗaya.

Yanzu ga inda labarin ya dawo gida. Duk sha'ir ɗin da ake dafa wannan giya da shi daga waje ake sayo shi, da kuɗin waje. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, ta kuma hana shigo da tsiron sha'ir daga 1988. Kamfanoni suka yi kuka, ƙanana da yawa suka rufe, manyan kuwa suka waiwayo suka ga abin da Bugazau ya sani tun kafin a gina ganuwar Kano: dawa ma tana tsiro. Aka koma kan farfara da kaura, musamman wata gajeriyar kaura da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar, aka gauraya da masara, aka sake injina. An ɗage hanin a ƙarshen shekarun 1990, amma kamfanonin ba su saki dawa ba, don ta fi araha kuma a gida take. Har yau tireloli na lodin ta daga kasuwannin hatsi na Kano da Kaduna da Katsina suna gangarawa kudu. Manomin da ya noma ta da alwalarsa, ya fitar mata da zakka, dillalin da ya auna ta yana jan carbi, ba lalle su san inda za ta kwana ba. Wani buhun zai zama tuwo, wani abin shan yara na gwangwani, wani kuma kwalba. Ba muna ɗora wa kowa laifi ba ne, malamai su ke da wannan fage. Abin da muke cewa shi ne, ga labari mai nama a ƙofar gidanmu, mu kuwa muna can muna sa Alhaji ya kori ɗansa don an gan shi a otal.

A watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmed Sani na Zamfara ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ta fara aiki a Janairun 2000, jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu, cikinsu har da Kano. Aka soke lasin, mashayu suka rufe ko suka koma barikin soja da 'yan sanda, inda dokar jiha ba ta kai ba, da lungunan Sabon Gari. An kafa Hukumar Hisba ta Kano da doka a 2003, kuma fasa kwalabe da katafila a bainar jama'a ya zama abin da ake gani lokaci-lokaci. A Nuwamban 2013 kaɗai an murƙushe kimanin kwalba 240,000. Sai tsohuwar maganar 1914 ta sake tasowa da sabuwar riga. Tun 1994 ake karɓar harajin VAT a kan kaya, har da giya, a tara a asusu ɗaya a raba wa dukkan jihohi. 'Yan kudu suka ce, yaya za ku fasa kwalba ku kuma karɓi rabon harajinta? Maganar ta yi zafi sosai a 2021, lokacin da Jihar Ribas ke shari'a da gwamnatin tarayya a kotu kan wa ke da ikon karɓar harajin. Namu suka mayar da cewa ai dawar ma tamu ce. Kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, amma rabinta.

A gefe guda kuma, matashin da ake rubutawa a yau ba lalle ne ma a same shi da kwalbar giya ba. Abin da ya ci unguwanninmu a shekarun baya-bayan nan maganin tari ne mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018, da ƙwayoyi irin su tiramol, abubuwan da ba su da wari, ba a kuma buƙatar zuwa Sabon Gari a same su. Wanda ya rubuta ɗan Kano na 2015 yana tangaɗi da kwalbar laga a tsakar gidan ubansa ya yi irin kuskuren da abokinmu ya yi, sai dai shi ta ɗaya gefen.

Abokin namu dai bai yi fushi ba. A zama na gaba ya dawo da babin a gyare. Ya fitar da firji, ya sa randa da jiƙaƙƙen buhu. Mai mashayar, wanda yanzu ya zama mutumin Saliyo, ya ƙare wa ma'aikacin jirgi kallo, ya tambaye shi sunansa, da ya ji sunan sai ya ce shi ba ya sayar da komai sai lemo, ya kuma yi masa nuni da haɓa zuwa wata ƙofar langa-langa a baya, inda wata mata ke zaune gaban tuluna biyu. Ita ce ta tambaye shi, ta yau yake so ko ta jiya. Ya ce wace ta fi? Ta ce ya danganta da ko gobe yana da aiki.

Aka yi tafi fiye da na farko. Dattijon nan ya jira ya lafa, ya sake gyara murya ya ce, "Madalla, yaro. To da ya sha, na ji ka ce ya miƙa mata naira biyu."

Naira dai sai 1973 ta zo. Ya ce zai koma ya binciko ko kwabo nawa ne ƙwarya.